Motar da Ta Cinye Kujerunta

Zuwa ga ɗana Garba a Kaduna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiyar aiki, ina iyali? Yaya jikin Hauwa da goyonta? Mu duk lafiya lau, ban da kafaɗata, da na gurɗe wajen turin mota.

Tsohuwar motar da na saya a garin Dingyaɗi nake nufi, wadda kaji suka shekara suna ƙwai a cikinta. Kayan gyara sun yi tsada tun da gwamnati ta ce a tsuke aljihu, sai na yi dabara irin ta ɗan aji huɗu. Duk wanda ya tura ta, nakan ce, "Ranar da ta tashi, zan kai ka kasuwar Shagari kyauta." Rabin mutanen garinmu Mandera sun tura, har da Liman.

Da turi ya ishe ni, bakanike ya ce batir take so. Na sayar da kujerar baya na sayi batir, ta gaba kuma ta tafi wajen tayoyi. Yanzu makulli ɗaya take tashi, amma kan turmi nake tuƙi. Uwarka ta ce, "Malam, gyara ka yi ko fiɗa?"

Jiya Liman ya aiko, wai ran kasuwa shi ne farko, kuma gwiwarsa ba ta zaman ƙasa. Ina zan aza shi, Garba?

Ka sa ni addu'a, ka gaida Hauwa da maƙwabta. In kana da kujerar da ba ka so, ko ta falo ce, aiko ta. Mutane na jirana.

Mahaifinka,
Umaru