Taki Ɗari da Ashirin

Asabar, 14 ga Oktoba 2023

An kwashe waken da aka shuka a filin kwaleji da damina. Yau na zana filin ƙwallo, karo na ashirin da tara. Toka buhu biyu, matata Hamsatu ta tara min daga murhunta da na maƙwabta. Daga dutsen gindin katanga na taka ɗari da ashirin tsawo, saba'in da biyar faɗi, kamar yadda muka yi da marigayi Mushe Hambali shekarar da aka buɗe makarantar. An turo sabon malamin wasanni, Abdulrazak, ɗan Damagaram, shi ma Mushe muke ce masa kamar yadda ake ce wa malaman boko a nan. Ya tsaya yana kallona da hannu a aljihu. Wai, "Baba Bawa, filin bai yi ƙanƙanta ba?" Na ce ya tambayi babansa ko an haife shi ranar da na fara zana shi.

Asabar, 28 ga Oktoba

'Yan wasan garin Waca sun zo, mun ci su biyu da ɗaya. Filin da ya yi ƙanƙanta ke nan.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Wasa da Guci, a gidansu. Ni a bayan mota kan buhun gyaɗar wani, gwiwata har yanzu tana zogi. Kafin hutu muna da ɗaya. Bayan hutu sai yaranmu suka zama kamar an ɗaura musu turmi a ƙafa. Sadisu, kyaftin ɗinmu, ya dafa gwiwa yana haki, mutanen Guci suna masa ihu, "A kawo wa tsoho sanda!" Sun ci mu uku da ɗaya. Yaran yanzu shayi da biredi suka sani. Na 2003 da suka ɗauko kofi fura suke sha, wasu ko takalmi babu.

Laraba, 15 ga Nuwamba

Mushe ya zo da igiyar awo irin ta magina. Ina zaune bakin ƙofa ina gadi, ina ganinsa yana ja. Ya dawo wai mita tamanin da huɗu ne, ana son ɗari a ƙalla. Wai shi ya sa yara ke yankewa a filin mutane, sun saba da gudu kaɗan. Na ce igiyarsa ce ta sha zafi ta miƙe. Ya yi dariya. Da ya yi faɗa ma ya fi min sauƙi.

Ban shiga lakwal na yi boko ba, sai 'yar ajamin nan da nake rubutu da ita, amma ɗari da ashirin ai na iya ƙirgawa.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Waca a gidansu, sun ci mu huɗu da nema. Dukansu bayan hutu. Ɗan Azumi mai tsaron gida ya yi kuka a mota, na ce ya rufa mana baki.

Litinin, 20 ga Nuwamba

Ba na son yin magana da kowa yau.

Alhamis, 30 ga Nuwamba

Diraktar, shugaban makaranta, ya kira ni ofishinsa, ya ba ni kujera. Duk ranar da aka ba ni kujera na san babu alheri. Wasanmu na ƙarshe da Magarya nan gida ne, ranar 16. In mun ci mun wuce, in ba haka ba shekara ta ƙare. Masu shirya gasa za su turo mai awo, in filin bai kai ba a mayar da wasan can Magarya. Sai kwana-kwana yake, "Baba, kai ne tushen wurin nan, ka huta mana, Mushe ya ɗauke maka wahalar." Hutu! Na ce ko a bar min tokata ko a karɓi makullin ƙofa duka. Ya ce in je in yi tunani. Shekara ashirin da tara ba a taɓa ɗauke mana wasa daga filin nan ba. Sai a zamanin igiya.

Juma'a, 1 ga Disamba

Na ba Hamsatu labari muna hanyar gaisuwar rasuwa. Ina jiran ta zagi Mushe. Sai cewa ta yi, "Malam, da can in muna tafiya sai na haɗa da ɗan gudu nake cim maka. Yanzu fa wa ke jiran wani?" Na duba, tana gabana da taki kusan goma. Na ce takalmin ne ya matse ni.

Mata!

Talata, 5 ga Disamba

Sadisu ya tare ni bayan atisaye. "Kaka, ba mu labarin kofin 2003 mana." Wannan ai ko daga barci aka tashe ni. Na ce saura minti biyu, an ba mu bugun kusurwa ta yamma. Tamu ya ajiye ƙwallo, ya ja baya har ya jingina da aduwa, ƙaya ta kama masa riga, ya fizge ya bugo, Husaini ya sa kai. Tsagar rigar nan ni na kai wa tela.

Sai duk suka juya suna kallon aduwar. Ni ma na kalla. Tana can nesa da kusurwar tokata, ko jifa sai mai ƙarfi. Mushe ya sunkuya yana ɗaure takalmin da yake a ɗaure.

Na ce musu lokacin salla ya yi.

Laraba, 6 ga Disamba

Itace ba ya tafiya, wannan na sani. Ko wata aduwar ce? Babu wata. Ni na hana a sare ta a 2011.

Asabar, 9 ga Disamba

Bayan asuba na je ni kaɗai. Daga dutse zuwa aduwa, ɗari da arba'in da shida. Na sake, na buɗe ƙafa har cinyata ta amsa, ɗari da talatin da takwas. Na zauna a gindinta na daɗe. Wato shekara nawa ina yanke wa yaran nan fili kaɗan-kaɗan, ina zaginsu da shayi da biredi? Ɗan Azumi da na ce ya rufa baki.

Toka buhu biyu ba za ta isa ba. Na ce wa Hamsatu ta ƙaro ɗaya. Ba ta tambayi dalili ba, Allah ya saka mata.

Litinin, 11 ga Disamba

Na share tsohon layi, na zana sabo, na tono turakun gida na mayar baya. Mushe ya iso ina gamawa. Ya ja igiyarsa, ɗari da biyu. Wai, "Baba, cif!" Na ce da ma. Faɗin na bar shi ya ja igiyar ina bin ta da toka, don kawai bayana na ciwo. Ya tambaye ni yadda Tamu ke buga kusurwa, na nuna masa. Yaron yana da kunne, ba laifi.

Kwana biyar me zai yi wa numfashin yara? Ni na ja musu.

Asabar, 16 ga Disamba

Mai awo ya auna, ya sa hannu. An yi wasan a gida. Magarya biyu, mu ɗaya. Mun fita. Na biyun a ƙarshe-ƙarshe ya shiga, Sadisu na binsu yana jan ƙafa. Raina ya ɓaci har ban ci tuwo ba. Amma ɗayan namu daga kusurwar yamma ya zo, kuma sai da ƙaya ta kama rigar yaron da ya bugo.

Mushe ya ce baɗi tun Oktoba za su fara gudu a cikakken fili, wai in tara toka da wuri. Na ce in Allah ya kai mu, ba shi zai koya min ba.

Ga wanda zai zana bayana: tsawon fili daga dutsen katanga ne zuwa aduwa. Kada a ƙirga taki.

Da muke komawa Hamsatu ta tsaya jirana a bakin rijiya. Ban ce takalmi ne ba.