Addu'ar da Baba Ya Kasa Ƙarasawa

Mubi, Jihar Adamawa,
19 ga Agusta, 2024.

Zuwa ga ƙanena Ephraim,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a Fatakwal. Allah ya kiyaye shigarka da fitarka, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya sa wa aikin hannunka albarka. Mu a nan muna godiya. Damina ta yi kyau, masara da gyaɗa a gonar Gude sun yi yadda ake so, sai dai ciyawa ta kusa fin ƙarfinmu. Mijina Nehemiah yana nan yana fama da keken hayarsa, rana ɗaya a hanya, rana ɗaya a wurin bakanike. 'Yata Favour ta yi tsawo har ta kamo ni, idan ka gan ta a kasuwa ba za ka gane ta ba. Mama ba ta fasa zuwa Zumuntar Mata ba ko da ana ruwa. Maƙwabciyarmu Hapsatu kuwa duk sadda ta leƙo sai ta tambaye ni ko kai, ɗanta na Fatakwal, ka yi aure.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na san halinka. Muna hira lafiya lau, da na ambaci Baba sai ka ce ba ka ji na, layi ya lalace. Wannan layi naka mai wayo ne, bai taɓa lalacewa a kan zancen ƙwallo ba. Shi ya sa na ba Kalibu direba wannan, tunda motarsa za ta kai shanu Fatakwal, na kuma roƙe shi ya damƙa maka hannu da hannu ya tsaya a kanka sai ka karanta.

Baba ba shi da lafiya, Ephraim. Ciwon suga ya ci masa ƙafar hagu. Ɗan gyambon da ya fara a yatsa ya haura, ya yi baƙi, yana wari. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, an tura mu Yola, an sa ranar Alhamis ta makon gobe. Bayan Baba ya fita, likitan ya tsayar da ni ya ce zuciyarsa ba ta da ƙarfi, jininsa kuma yana hawa, don haka ba zai ɗaukar mana alkawarin cewa zai farka daga aikin ba. Ban gaya wa Mama ba, amma ta karanta a fuskata. Ni ina jin tsoro ƙwarai. Sai dai ba ƙafar ce ta sa na ɗauki biro ba.

Zan faɗi abin da ba ma faɗa a gidanmu, don na gaji da kewaye-kewaye. Ranar da ku biyu kuka je gona, kai da ƙanenmu Timothy, aka yi ruwa a kan duwatsu, Baba ya kira ka a waya ya ce ku kwana a bukka, kada ku ƙetare mayo, kogin nan na kan hanya. Kuka shiga da mashin, ruwa ya ɗauke ku, kai ka kama reshe, shi bai kama ba. A bakin kabari Baba ya ce, a gaban jama'a, ɗa ɗaya gare shi kuma yau ya binne shi. Bayan kwanaki ka ɗauki jakarka ka tafi. Abin da ya faru a gidan tun daga ranar ne ba ka sani ba, domin ba ka taɓa bari na gaya maka ba.

Ka san Baba da addu'a. Mutumin da ya yi aikin katakis tun kafin a haife mu, wanda rabin Katolikan unguwarmu a bakinsa suka koyi yin alamar gicciye. Har gobe ƙararrawar coci ba ta riga shi tashi. Da tsakar rana, ko a tsakiyar kunya yake, sai ya ajiye fartanya ya cire hula ya yi addu'a. Ƙarfe shida na yamma kuma kowa ya durƙusa a falo da carbin Rosari a hannu, shi ne a gaba, kamar yadda ka bari. Bai fasa ko ɗaya ba. Amma tun daga mutuwar Timothy, duk sadda aka zo Addu'ar Ubangiji, aka kai wurin da muke roƙon Allah ya gafarta mana kamar yadda mu ma muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai bakinsa ya rufe. Da farko tari yake yi a wurin. Daga baya ya daina wahalar da kansa, shiru kawai yake yi, sai mun wuce ya kama daga gaba. Mama ce take ɗaga murya ta rufe masa gurbin don kada Favour ta lura. Kai ka san sau nawa wannan addu'a take zagayowa a cikin Rosari guda. Kullum, shekara da shekaru, haka muke yi, kuma babu wanda ya taɓa cewa uffan. A coci ma tun daga lokacin bai sake tashi ya karɓi Jikin Kristi ba. Yana zaune a bencinsa, yaran da ya koyar suna tsallake ƙafarsa su wuce gaba.

Da maganar aikin ta tabbata, na je na ɗauko Fada, limamin cocinmu, ya zo ya ji furcin zunubansa, ya shafe shi da man marasa lafiya. Baba ya karɓe shi da girmamawa, ya sa aka kawo masa kujera da ruwa, suka rufe ƙofa. Ba su daɗe ba Fada ya fito da kwalbar man a hannu bai buɗe ta ba. Bai faɗa mini abin da suka tattauna ba, ni ma ban tambaya ba. Baba ne da kansa ya ce mini kada in sake wahalar da bawan Allah. Ya ce shi ya koya wa mutane cewa wanda ya riƙe ɗan'uwansa a zuciya ba shi da bakin neman gafara, ba kuma zai soma yi wa Allah ƙarya da furfura a kansa ba. Raina ya ɓaci, na ce masa to haka zai hau gadon likita ke nan, ba shiri, ba komai? Ya ce in haka Allah ya same shi, aƙalla ya same shi da gaskiyarsa. Na fita bayan gida na yi kuka har Hapsatu ta jiyo ta kan katanga.

Ranar Talatar da ta wuce muna tsince wake, Mama ta ce mini, da irin Hausarta, "Margret, ni na gaji. Ni ne nake ɗauka masa wannan wuri kullum, yau ba zan ɗauka ba." Na ɗauka magana ce ta ɓacin rai. Da yamma muka durƙusa, Baba ma ya durƙusa a kan ƙafar nan da likita ya hana shi takawa. Muka fara. Da aka kai wurin, Baba ya yi shiru yadda ya saba, Mama ma ta yi shiru. Ni na buɗe baki, ta danne mini hannu. Nehemiah ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Falon ya yi tsit, har muna jin ladanin masallacin bayanmu yana gwada lasifika. Baba yana jira a wuce da shi, babu wanda ya wuce. Na ga gumi yana bin wuyansa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, gwiwoyina dai sun mutu. Daga ƙarshe ya dafa kujera ya miƙe, ya ja ƙafa ya shiga ɗaki, bai dubi kowa ba. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Na yi wa Mama faɗa, na ce mutum mai hawan jini take wasa da shi, so take ya faɗi a gabanmu? Ta ce gara ya faɗi a gabanmu da ya tafi Yola a haka. Washegari na yi zaton ba zai fito ba. Shida na bugawa ya fito, ya durƙusa, ya fara, muka kai wurin, muka tsaya. Alhamis ma haka. Kowace yamma hannuna yana kan waya ko za a nemi mota.

A ranar Alhamis ɗin ne, muna cikin shirun, Mama ta yi maganar da ka roƙe mu mu binne. Ka yi haƙuri, ban iya hana ta ba, kuma gaskiya ban yi ƙoƙari ba. Tana durƙushe, ba ta ko juyo ba, ta gaya masa cewa ba kai ka nace a ƙetare ba. Timothy ne ya yi ta roƙonka, domin shi ke taimaka wa Fada a bagade a Mas, sujadar safe, kuma tun da aka sa shi bai taɓa fashi ba, ya ce ba zai iya haɗa ido da Baba ba idan aka buga ƙararrawa ba ya nan. Ta ce kai ka hana a faɗa don kada uban ya ɗauki nauyin a kansa, ka gwammace ka tafi da shi. Ephraim, na rufe ido ina jiran tsawa. Sai na ji Baba ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, ai ya sani. Ya ce tun ranar da aka kawo gawar ya sani, don ya san ɗansa, ya kuma san wanda ya raine shi a kan cewa ba a fashin Mas ko ana ruwan wuta. Ya ce idan ya sauke laifin daga kanka, a kan wa zai ɗora shi? Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba, ko a bakin kabarin nan bai yi ba. Ranar ya kifa kai a kan kujera ya yi, mu duka muka taya shi.

Kada ka ɗauka ina gaya maka komai ya warware. Bai warware ba. Juma'a, Asabar, jiya Lahadi, yana kai wurin, leɓɓansa suna motsi, maganar ba ta fita. Tun ranar Talata ba a ce Amin a gidanmu ba. Jiya bayan mun tashi ya kira ni ɗakinsa. Ya ce ya gwada shi kaɗai, ya gwada a gaban gicciye, abin ya ƙi, domin wanda zai yafe wa ba ya nan, shi kuma bai iya yafe wa bango ba. Ya ce in kana kusa da shi a durƙushe, yana jin numfashinka, wataƙila bakin ya buɗe. Ya ce wataƙila, bai ce tabbas ba, kuma ba zan ƙara masa gishiri ba.

Na san kai ma an yi maka laifi, babba kuwa. Uba ya cire ka daga cikin 'ya'yansa a gaban mutane alhali rigarka ba ta gama bushewa ba. Idan ka ce ba za ka zo ba, babu mai ganin baƙinka, ni dai ba zan gani ba. Amma ka taɓa gaya mini cewa tun da ka tafi ba ka taka ƙofar coci ba, kuma ban yarda cewa aiki ne ya hana ka ba. Ina tsoron a wayi gari ranar Juma'a ta makon gobe a ce babu shi, kai kuma ka ƙare rayuwarka da wannan magana ta bakin kabari a matsayin ta ƙarshe tsakaninku. Ko da ya farka lafiya, ba zai sake durƙusawa ba, Ephraim. 'Yan kwanakin nan ne suka rage masa a kan gwiwoyinsa.

Kalibu ya ce da zarar an sauke shanu zai juyo, akwai wuri a gaba kusa da shi, in Allah ya kiyaye hanya za ku shigo Mubi ranar Litinin ko Talata. Mu kuma Laraba da sassafe za mu kama hanyar Yola. Kada ka tsaya sayen tsaraba, babu mai buƙatar komai. Kada kuma ka shirya jawabi. Ka shigo kawai kafin shida, ka durƙusa a inda ka samu wuri. Idan bakinsa ya ƙi buɗewa, za mu jira tare da kai, mun riga mun saba.

Ka gai da mai gidan da kake haya da iyalinsa, da abokinka Destiny da ya kula da kai lokacin zazzaɓi. Mama tana gaishe ka, ta ce ka ci abinci a hanya. Nehemiah da Favour suna gaishe ka, Hapsatu ma ta ce in sa sunanta. Kafin in rufe takardar na shiga na tambayi Baba ko in rubuta cewa yana gaishe ka. Ya kalli ƙafarsa, sannan ya ce kada in rubuta abin da bai faɗa ba. Ya ce in rubuta cewa yana jira.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ni ce addarka,
Margret Tizhe.