Sunan Ɗan Fari

Jiwa, daren Alhamis, cikin watan Rajab

Tun shekarar da aka kwashi sojoji zuwa Laberiya bakina bai yi nauyi irin na yau ba. Rediyo ta ce Farfesa ya rasu, mai littattafan yaƙin nan da ake karanta mana da yamma. Allah ya jiƙansa.

Mutumin kirki ne, sai dai naci. Ya sha zuwa nan ya zauna a tabarmata, yana tambaya a kan yarona da ya tafi Laberiya bai dawo ba. Na ba shi labari duka, tun daga ranar da yaron ya jefar da fartanya ya shiga soja. Ya ce, "Baba, saura sunansa." Na ce, "Oga Farfesa, ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kama wannan suna." Ya yi dariya ya ce, "To in tambayi maƙwabta?" Na ce ban yarda ba. Bai tambaya ba kuwa. A littafin sai ya sa "wani saurayi daga Jiwa".

Uwar yaron ta rasu, maƙwabtan yanzu duk baƙi ne. In na tafi, sunan ya tafi. Ɗazu na gwada faɗarsa ni kaɗai a ɗaki, bakin ya ƙi.

An ce 'yar Farfesa ce za ta ƙarasa littafinsa na ƙarshe. Gobe da safe zan je gidansu a Utako ta'aziyya. In na gama gaisuwa zan ce mata, "'Yata, ɗauko biro. Sau ɗaya zan faɗa."