Safar Hannun da ke Cikin Hoto

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena, Kawun yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan mun gode Allah. Inna tana fama da gwiwa, yanzu a zaune take salla, amma bakinta ras yake, kullum sai ta yi mitar cewa ba ka tashi kiran waya sai ta kishingiɗa. Baban yara ya rage fita. Auta kuma jami'a ta ba ta gurbi, kuma maganarta ce ta zaunar da ni rubutu. Da waya na kira ka, da ka sa ni dariya na manta abin da ya kawo ni kamar yadda ka saba, ni kuwa yau ba dariya a bakina.

Na san an gaya maka babban ɗana, wanda kai ka laƙaba wa suna Ɗan Rediyo, ya ji ciwo a wurin aiki. Ba a gaya maka duka ba, ni na hana. Yatsu uku na hannunsa na dama sun tafi, babban yatsa da ɗan ƙarami kaɗai likita ya iya cetowa. Ya dawo gida, ciwon yana warkewa, yana koyon cin abinci da cokali a hannun hagu, Inna na kallonsa tana kau da kai. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi, kuma wannan shirun nasa ya fi komai cin raina. Ni ce nake shiga ɗakin girki in rufe ƙofa in yi mai isata, in fito in ce hayaƙi ne.

Ka tuna yadda ya samo sunan nan. Rediyonka sabo fil ya kwance tun bai shiga makaranta ba, ka zo ka tarar da shi a tsakar gida ya jera kusoshin a murfin kwano, ka ɗaga hannu za ka make shi sai dariya ta ƙwace maka. Fitila, agogon bango, keken ɗinkina, babu abin da ya tsira daga hannun yaron nan. Shi ya sa da ya samu karatun injiniya muka ce ya faɗa gidansu. Ashe wurin da muka kai shi ne za a ɗaure masa hannu shekara biyar. Lissafi ya sha shi har ya ƙoshi, zanen injuna kuwa ya cika mana ɗaki da shi, amma ƙarfe bai taɓa yankawa ba ko sau ɗaya.

Kuma ba wai babu injunan ba ne, wannan shi ne abin da ke tafasa mini zuciya. Suna nan a babban ɗakin gwaji na sashensu, sababbi, an lulluɓe su da leda, ƙofa da kwaɗo. Ɗalibai ta taga suke leƙensu, kamar kwanukan jere a cikin kabad. Wanda aka tura ya koyo sarrafa su ya samu wani aiki ya yi gaba, shugaban sashen kuma yana tsoron kada a taɓa su lalace, masu tantance jami'o'i su zo su tarar da matattun injuna su soke musu kwas ɗin. Saboda haka ba a yaye ledar sai ranar da baƙin za su zo. A share ɗaki, a goge ƙura, a zaɓo ɗalibai masu ƙoƙari a sa musu farar riga da tabarau da safar hannu, kowa ya tsaya gaban inji ya dafa shi. Baƙi su zagaya su gyaɗa kai, a ɗauki hoto, kafin su kai bakin ƙofar jami'a an mayar da leda.

Hoton nan ka san shi, ni na aika maka da hannuna ina ta rawar jiki. Ɗan Rediyo a gaban injin da ke juya ƙarfe yana fere shi, ya dafa shi da farar safa yana murmushi. Da ka kira, ka yi dariya ka tambaya wane gwani ne ya sa wa yaro safa a gaban wannan inji, daga nan ka koma tsokanar Inna, magana ta wuce. Mu duka mun ɗauka irin shaƙiyancinka ne. Sai a gadon asibiti ya yi mini bayani da bakinsa: wannan inji ba a kusantarsa da safa, don in ya kama zare ɗaya ba ya saki, sai ya ja hannun gaba ɗaya. Ya ce wataƙila an rubuta haka a wani layi na wani littafi da ya haddace ya zuba a jarrabawa, amma abin da ya zauna masa a kai shi ne yadda malamansa suka shirya shi ranar baƙi.

Da masana'antar ta ɗauke shi, manajan ya ga sakamakonsa ya ga hoton, bai ga dalilin tsayawa koya masa ba. Shi kuma kunya ta hana shi cewa bai taɓa kunna injin ba, yana injiniya guda da digiri. Ya je kasuwa ya sayo safa mai kyau don ya fito tsaf kamar yadda aka nuna masa. Inji na gudu ya kai hannu zai share ɓarɓashin ƙarfe, shi ke nan. Na yarda ƙaddara ce, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma ƙaddarar nan mutane ne suka sa mata farar riga suka ɗauke ta hoto.

Shugaban sashen ya zo dubiya, kuma na yi niyyar wanke shi tas. Da na ga dattijo ya zauna a bakin tabarma ya kasa haɗa ido da yaron, hawaye na bin gemunsa, sai na ƙyale shi. Ya ce ya sha rubuta wa na sama a kawo mai koyarwa, ba amsa. Ya kuma gaya mini abin da ba ka taɓa gaya mini ba, cewa tun bara ya roƙe ka ka zo ko na hutu ɗaya ne, tunda irin injunan nan kake koyarwa a can, ka horar da malamansu da masu kula da ɗakin, kai kuma ka amsa masa cewa ba da gaske suke ba, ba za ka ɓata lokacinka ba. Ban ce ƙarya ka yi ba, ƙanena. Na san halinka, ba ka son wasa da aiki, tun kana yaro haka kake. Sai dai su waɗanda ba da gasken suke ba yatsunsu goma cif, ɗana ne ya biya.

Yanzu ga Auta. Sashen nan dai shi ta nema, shi aka ba ta, don tun tana ƙarama take bin yayanta tana riƙe masa kusoshi. Babansu ya rantse ba za ta taka wurin ba, ya ce ya ba da hannu ɗaya ya isa. Ta daina cin abinci sosai, takardar gurbin tana ƙarƙashin matashinta, lokacin rajista kuma yana ƙaratowa. Wanda ya tsaya mata shi ne Ɗan Rediyo. Ya shiga wurin babansu ya durƙusa, ya ce karatun ba shi da laifi, ledar ce mai laifi, kuma in Kawu zai zo ya yaye ta, shi zai bi shi ɗakin gwajin ya tsaya gaban ɗalibai ya ɗaga musu hannunsa, ba sai an yi dogon bayani a kan safa ba. Daga ƙarshe babansu ya ce in ka zo ya yarda, in ba ka zo ba a bar maganar har abada.

To ka ji abin da nake roƙo. Ban ce ka kwaso iyali ka dawo ba, ban ce ka gyara jami'a duka ba, na san ba aikin mutum ɗaya ba ne. Hutu ɗaya nake nema. Ka zo ka kunna injunan nan, ka bar yara su taɓa, su ɓata ƙarfe, su karya abin da zai karye kana tsaye a kansu. Ni na goya ka, ban taɓa cewa ka biya ni ba, yau na ce.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka zo tun tana gane mutane. Baban yara yana gaisuwa, haka Auta da su Gwaggo. Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka shafa mini kan yara. Ɗan Rediyo ya so ya rubuta maka layi biyu a ƙasan nan, ya gwada da hagu, bai yi masa kyau ba ya ce in bari sai ya ƙware. Hoton yana nan a bangon falo. Sau da yawa na kai hannu zan sauke shi, sai in fasa, don nan kaɗai ya rage mini da nake ganin hannun ɗana a cike.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka