Tawada a Yatsan Fauziya

'Yata Karimatu,

Sallama da gaisuwa. Yaya maigida da mutanen Pitowa? Ina lafiya a Duwala, ruwan samansu ne kawai ya shiga gwiwata.

An ce kin shafa wa jikata Fauziya tawada a yatsa, don masu rigakafin shan inna su zaci an ɗiga mata, su wuce. Na san tsoro ne, wai yana hana haihuwa. To, ke a cinyata aka ɗiga miki a Garwa, ga ki da 'ya'ya biyar! Baffanki Hayatu bai samu ba. Da rarrafe yake zuwa masallaci, silifa a hannuwansa, har ya rasu.

Ki wanke yatsan nan, ki buɗe musu ƙofa. Ina son in dawo ta tarye ni da gudu.

Allah ya yi muku albarka.

Babanki,
Mukhtar