Daƙiƙun da Raƙiya Ta Ƙirga

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Raƙiya ta sake kira daga Tudun Illa. Karo na huɗu. Ita ce mai shigar da awon yara masu tamowa a ɗakin awonmu na can, gaba da Affala. Wai in ta danna harafi sai ta zauna jira kafin ya fito a allo. Na ce ta kashe ta kunna. Me zan ce? Ni ne mai kula da injunanmu, na san ordinatar ɗinta, wato kwamfutar, allo ne kawai, injin gaskiya yana Turai, duk abin da ta danna sai ya je can ya dawo. Mutum goma sha ɗaya ke aiki haka, ita kaɗai ke kuka.

Shef Almoustapha ya ce manyanmu na Yamai na son rapor, wato rahoto a kan matsalar. Kontiran Raƙiya, yarjejeniyar aikinta, na ƙarewa ƙarshen wata, kuma ita ce ta ƙarshe wajen yawan yaran da ake shigarwa a ranar awo.

Talata, 3 ga Satumba

Na je da motar biro, ta ofishinmu. Ƙauye tsit. Na auna tafiyar saƙo zuwa Turai da dawowa: milisakan ɗari da tamanin, daidai da na nan Tawa. Na danna haruffa a gabanta suna fitowa tar. Sai ta ciro wani kaye, littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wai a ciki take rubuta daƙiƙun da take ƙirgawa da baki. Da baki! Ni da na'ura, ita da ɗaya, biyu, uku. Na yi dariya, ban karɓa ba.

Ta ce, "Malam Hashimu, yau Talata ta. Ka zaka ran Alhamis ka gani."

Na ce mata rezo, hanyar da saƙo ke bi, bai san Talata da Alhamis ba.

Laraba, 4 ga Satumba

Rapor ya tafi. Layi uku. Hanya lafiya lau, matsalar daga mai aikin take. Har na ji daɗin gajartarsa.

Alhamis, 12 ga Satumba

Ta kira sau biyu. Ban ɗauka ba.

Talata, 17 ga Satumba

Takarda ta zo, ba za a sabunta mata ba. An kwafe jimlata a ciki harafi da harafi. Wata shida ina rubuta musu batun batiran da suka mutu a Kalfu, ko kallo babu. Wannan ɗin kuwa sun karanta.

Alhamis, 19 ga Satumba

Firintar Tudun Illa ta tsaya, motar biro ta tafi Kalfu, dole na shiga motar kasuwa, wadda ba ta zuwa Tudun Illa sai Alhamis.

Ban gane ƙauyen ba. Raƙuma, shanu, makiyaya daga arewa, kowa da salula a baki yana aika murya, wasu na ɗaukar hoton bisashe suna tura wa dillalai. Duk a kan eriya ɗaya tak da ke bisa tudu. A ƙofar ɗakin awo kuwa mata sun haura sittin da goyo, don ran kasuwa suke samun abin hawa. Wato ranar da aiki ya fi yawa ita ce ranar da hanya ke toshewa. Abin da ya kamata in sani ke nan tun ina sabon shiga.

Na auna. Dubu biyu da ɗari huɗu. Dubu uku da ɗari. Wasu saƙonnin ma ba sa dawowa. Na zauna kujerarta na rubuta sunan wata yarinya, Lalla, sai da uwar ta tambaya ko injin ya mutu.

Na roƙi kayen. Kowace Alhamis tun Yuni: uku, uku, huɗu, biyu. Bakinta da na'urata ba su saɓa ba. Ashe a takarda take rubuta yaran don kada uwaye su rasa motar komawa, ta shigar ran Juma'a. Lissafin Yamai kuwa ba ya ganin aikin Juma'a.

Na fara ba da haƙuri, ta katse ni.

"Da ka ce ban iya ba, ban ji zahi ba. Zahin da ni ji, ko buɗe kayen ba ka yi ba."

Sai ta kira mai bi.

Juma'a, 20 ga Satumba

Sabon rapor, shafi huɗu. Shef ya karanta a tsaye ya ce, "To, wane Hashimu za a yarda da shi, na hwarko ko na biyu?" Ya ce an riga an ɗauki wani. Ya kuma tuna mini, cikin murmushi, cewa nawa kontiran Disamba yake ƙarewa.

Ban tura ba. Yana nan cikin ordinatar. Na tsani Shef yau, amma ba shi ya rubuta layi ukun ba.

Litinin, 30 ga Satumba

Ranarta ta ƙarshe. Ta aiko mini da kayen ta hannun direba. Na duba ko da wasiƙa. Babu.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Sabon da aka ɗauka, Souleyman, mai takardun karatu daga Yamai, ya kira da hantsi. Haruffa na makara, mata sun cika ƙofa, wai me zai yi. Na buɗe baki in ce ya kashe ya kunna. Sai na ji na ce ya danna harafi ɗaya ya ƙirga mini da baki. Ya ɗauka wasa nake. Sannan ya ce huɗu.

Kayen na kusa, na rubuta a ƙasan na Raƙiya. Wuri ne kawai ya rage a shafin.

Rapor na biyun ya tafi Yamai da azahar, ban bi ta Shef ba. A gurbin sunan wanda ya yi awo, nata na sa.