Kunun Mardiya

Litinin, 2 ga Oktoba 2023

An sallamo matata Mardiya daga asibiti. Hannunta na dama bai motsi, maganarta ta yi nauyi. Likita ya ce a rage gishiri da mai, abinci ya zama mai laushi saboda haɗiya. Shekara talatin ina tuƙa motar shanu daga Meiganga, ban taɓa ɗora tukunya ba.

Hanan, 'yarmu, ta bugo daga Douala. Za ta zo ƙarshen wata. In ta tarar uwarta ta ƙara ramewa, da ita za ta tafi.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Maƙwabciyarmu Honorine, Maman Ulrich, ta kawo gwangwanin ots, hatsin Turawa da ake dama kunu da shi, ita abwan take ce masa. Ta nuna mini a tsakar gida: ludayi ɗaya, ruwa ludayi uku. “Baban Hanan, ka riƙa juyawa, kar ka bar shi ka tafi jin rediyo.”

Na tafi jin rediyo. Ya kama.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Cokali uku Mardiya ta sha, ta kau da kai.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Bayan masallaci abokina Sulaimanu ya ga ƙunar yatsana, ya ce a gaban mutane, “A'a, ga uwargidan unguwar Poumpoumré!” Aka yi dariya, ni ma na yi. Abin ya ci mini rai har gida.

Yau ma ba ta ci ba. Zoben aurenta har juyawa yake a yatsa.

Talata, 17 ga Oktoba

Ina daka citta zan zuba kamar kullum, sai ta buga tabarma da hannun hagu. Na matsa kusa. Da ƙyar ta ce, “Ba na... so.”

Na ce, “Cittar? Ke da ba kya dama kunu sai da ita?”

Ta nuna ni da yatsa.

Wato saboda ni. Shekara talatin da huɗu tana shan abin da ba ta so, ni kuwa ina yabon kununta a tasha. Na daɗe zaune da taɓarya a hannu. Me kuma ban sani ba?

Na dama ba citta, na matse dabino biyu a ciki. Ta shanye.

Asabar, 21 ga Oktoba

Maman Ulrich ta koya mini gashi ba tanda. Yashi a gindin babbar tukunya, kwano a kai, garwashi a kan murfi. Ots, ayaba nunanniya biyu, ƙwai ɗaya, madara kaɗan, ba sukari. Na farko ya fito kamar bulo, kajinta suka samu. Na biyu ya yi laushi. Mardiya na zaune bakin ƙofa, ita ce ta ɗaga hannu lokacin saukewa. Ƙamshi kawai ta ji ta gane.

Laraba, 25 ga Oktoba

Na tambaye ta wasu abubuwa, tana amsawa da kai. Kifin Benuwai ta fi so a kan nama. Ni nama nake kawowa kullum.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Hanan ta iso da tikiti biyu a jaka, na gani. Ta duba uwar, ta duba tukwanena, ta ce, “Baba, ka yi ƙoƙari, amma can akwai mai aiki.”

Sai Mardiya ta kama bakin rigata ta riƙe, ba ta saki ba har Hanan ta fita waje tana share ido.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Hanan ta koma ita kaɗai. Ta ce za ta turo wadda za ta riƙa girki. Na ce ta turo mai wanki da shara dai, girkin a bar shi tukuna, don uwarta ta saba da hannuna. Haka na ce mata.

Gobe da sassafe zan je bakin gada neman kifi. Ina tunanin ko garin ots zai ɗaure miya maimakon gyaɗa. Ban tambayi kowa ba, so nake in gwada da kaina.